Kauɗa, gabu da daddawar batso: abin da na rubuta a madafa daga hunturu zuwa kaka

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau kasuwa ta ci. Na dawo a adaidaita da kwando biyu na tumatir, maigida yana tsaye bakin ƙofa yana tambaya ko biki za a yi ba a gaya masa ba. Ba biki. Tun daminar bara na ɗaukar wa kaina alkawari, ranar da mai kayan miya ya ɗora mini tumatir huɗu a tafin hannu, biyu sun fara ruɓa, ya faɗi kuɗin da ko tayawa na kasa yi. Yanzu kuwa ga na Jiratawa, nan kusa da Maradi, da na fadamun Gulbi ya cika gari, masu shi har roƙo suke a saya kafin la'asar. Abin da ake zubarwa a Janairu shi ake nema ido rufe a Agusta, kowace shekara haka, kuma iyayenmu sun san maganin abin tun ba a haife mu ba. Mu ne muka saki hannu da muka ga tumatirin gwangwani.

Akwai dalili na biyu. Likita ya ce jinin maigida ya hau, a rage gishiri. Na rage wanda nake barbaɗawa da hannu, ina ta jin na cika umarni, alhali magi huɗu nake jefawa a tukunya guda. Ashe kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. To in an cire magi, me zai riƙe miya? Daddawa da gabu, kamar yadda aka yi ta yi kafin magi ya zo.

Don haka abu uku na sa a gaba: kauɗa, wato busasshen tumatir; gabu, na busasshen ganyen albasa; da daddawar batso, ta ƴaƴan yakuwa. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne daga faɗuwar damina zuwa kaka ba zan sayi gwangwani ba, magi kuma ba zai wuce ɗaya a tukunya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Laraba, 15 ga Janairu

Yankan kwando ɗaya ya cinye mini hantsi gaba ɗaya. Na ware masu taushi na yi miyar dare da su, masu tauri na tsaga huɗu-huɗu a tsaye, na jera su a kan buhunan shinkafa da na wanke, fuskar yanka tana kallon sama don kada ruwan ya tsiyaye. Bayana ya gaya mini shekaruna.

Alhamis, 16 ga Janairu

Jar akuyarmu ta tsinke igiya ina sallar azahar. Da na fito na tarar da ita tsakiyar shanya, ƙafa huɗu a kan buhu, bakinta ja-wur har gemu, ƴaƴanta biyu suna tsalle a kan abin da ya rage. Ko gudu ba ta yi ba. Ta ɗago kai ta dube ni tana tauna, kamar mai cewa gishiri ya yi kaɗan. Ana ta yabon jar akuyar Maradi a duniya, ga fata mai kyau ga haihuwar tagwaye. Ba wanda ya taɓa rubuta rashin kunyarta. Buhu ɗaya ya tafi.

Asabar, 18 ga Janairu

Wanda ya tsira daga akuya bai tsira daga buji ba. Na ɗauki guda na tauna don in ji ko ya fara bushewa, sai ƙasa ƙaras-ƙaras a haƙori. Iskar hunturu ita ce mai busarwa, ita ce kuma mai zuba rairayi, kuma tumatir muddin yana da danshi duk abin da ya sauka a kansa ya manne ke nan. Na gane dalilin da ya sa kauɗar kasuwa sai an wanke ta sau uku ana samun ƙasa a gindin kwano.

Na je wurin kafinta na ce ya buga mini katako huɗu-huɗu kamar taga, guda uku, da ƙafafu masu tsayin ƙugu, ya sa raga ƙasa da sama. Maƙwabciyata ta ce me zai sa in ɓata kuɗi, ga tsohon sange nan sai in lulluɓa. Ban yarda ba. Sangen da ake rabawa a asibiti da maganin sauro a jikin zarensa, an yi shi ne don ya daɗe bai fita ba ko an wanke. Abin da aka yi don kashe ƙwaro ba zan shimfiɗa shi a kan abin da yara za su ci ba. Ragar taga ta roba na saya, sabuwa.

Litinin, 27 ga Janairu

Zubi na biyu ya sauka lafiya. Wannan karon na auna, don in san gaskiyar abin: kilo 20 na ɗanye ya ba ni kilo ɗaya da ɗan ɗoriya na busasshe. Na tsaya ina kallon ƴar robar da ya shige ciki, raina ya ɗan sosu. Amma tumatir kusan duk jikinsa ruwa ne, cikin kashi 100 wajen 94, ruwan kuwa akwai shi a randa kyauta.

Kwana biyar ya yi a raga. Da magariba nake shigar da shi ɗaki, da hantsi in fitar. Abin da na lura: a kwana na uku yana yaudara. Ka taɓa ka ji ya bushe, amma in ka lanƙwasa sai ya tanƙwaru kamar fata. Wannan bai isa ajiya ba. Sai ya karye ƙas a hannu. Launinsa kuma ya fito ja mai duhu, ba baƙi irin na kasuwa ba. Ban barbaɗa gishiri ba ko da yake wasu na yi, tunda gudun gishirin ne ya kawo ni nan.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na sayo gurguzu tiya biyu. Ga wanda bai sani ba, ƴaƴan yakuwa ne, wannan dai da muke cin ganyenta a miya muke shan zoɓonta. Mutanen kudu da ke da ɗorawa da yawa da kalwa suke daddawa. Mu nan ɗorawa ba ta wadace mu ba, yakuwa kuwa kowace gona akwai ta a kan iyaka, shi ya sa batso ta zama tamu.

Na kira Inna, mahaifiyar maigida, a salula ta faɗa mini yadda ake yi. Ta faɗa a gurguje, ana ta hayaniya a bayanta, ta ƙare da cewa in bari sai ta zo. Ni kuwa na ce me ke ciki, dafawa ce da rufewa. Na ɗora a gaz da hantsi, na jefa kanwa, na sauke da la'asar don na ga tukunyar gaz tana neman ƙarewa, na juye a roba mai murfi na tura ƙarƙashin gado.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ta lalace. Na buɗe ta jiya, na buɗe shekaranjiya, yau kuma na buɗe na ga farin gashi da ɗigon kore a sama, ƙasan kuma tsami kawai yake, ƴaƴan suna nan da taurinsu kamar tsakuwa. Autana ya toshe hanci ya ruga waje yana shelar cewa ɓera ya mutu a ɗakin Mama. Na haƙa rami bayan garka na binne, don ko akuya ban yarda ta ci ba. Abin da ya yi fumfuna mai launi ba a kankare samansa a ci ƙasan.

Ban gaya wa Inna ba. Maigida ne ya gaya mata, yana dariya.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, ga shi kuma yanzu ne tumatir ya fi araha. Ba na iya yanka da rana, sai bayan asham mu zauna ni da babbar ɗiyata mu yanka, mu jera a raga a cikin zaure, da safe a fitar. Rana ta fara zafi, kwana uku yanzu ya ishe shi. Na ƙara da tattasai. Busasshen tattasan Diffa akwai shi a kasuwa ko yaushe kuma ba na jin zan yi wanda ya fi shi, don haka kaɗan na shanya, na mayar da ragar ga tumatir.

Laraba, 19 ga Maris

Gabu. Sabuwar albasa ta shigo, ƴar Galmi mai launin shunayya, lawashi kuma kusan kyauta ake bayarwa in kin sayi albasar. Na karɓo dami biyu, na cire busassun ganye, na wanke, na bar shi ya tsane, na yayyanka na kirɓa a turmi har ya haɗe. Idanuna sun yi ta zuba, ga azumi a baki. Na dunƙula ƙanana kamar ƙwan zabo na jera a raga.

Sirrin gabu ba a shanya yake ba, a suya yake. Da ya bushe sai a farfasa, a zuba a tukunyar ƙarfe da ɗan man gyaɗa wanda bai fi cokali ba, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa ba tsayawa. Daga kore yana komawa ruwan ƙasa, ƙamshi ya tashi har maƙwabta. Nan ake saukewa. In aka ce bari ya ƙara kaɗan, to ya ƙone, kuma ɗacin gabu ƙonanne ba abin da ke fitar da shi daga miya. Kaskon farko haka ya yi mini, ina amsa sallama a ƙofa. Na biyu da na uku sun yi kyau. Na daka na tankaɗe, kwalba biyu.

Talata, 8 ga Afrilu

Inna ta zo daga wajen Tibiri jiya da yamma, da ƙunshin toka a leda da tsohuwar tukunyar ƙasa a ka. Na ce mata ai muna da toka a murhu. Ta ce wannan tokar itacen kasuwa ce, ba ta san abin da aka ƙona ba, tata ta karan gero ce daga gonarsu. Maigida ya ce ashe da gaske ne akwai inda toka ke kuɗi ko ba a ƙona rumbu ba. Ba ta tanka masa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, in za ta yi maganarsa sai ta ce "mai gidanki".

Sai da ta huta ta sha fura sannan ta yi mini tambayar da nake gudu.

"Ɗiyata, waccan da ta ɓaci, awa nawa ta yi bisa wuta?"

Na ce daga hantsi zuwa la'asar, Inna.

"Ba ta dahu ba. Mi kika zuba ta ciki?"

Na ce roba.

"Sau nawa kika buɗe?"

Na yi shiru. Ta gyaɗa kai ta ce daddawa ba ta son leƙe, kamar amarya take.

Yau da safe muka fara. Tiya uku na gurguzu. Ta sheƙe, ta sa ni tsince ƙwaya-ƙwaya, sannan ta rege a ƙwarya. Na sha ganin ana regaya amma ban taɓa tsayawa na kalli hannun gwani kusa haka ba. Ƙwaryar tana karkace a cinyarta, tafin hannu yana kaɗa ruwa a hankali, gurguzu yana gangarowa cikin ɗayar ƙwaryar kaɗan-kaɗan, ita kuma tana hira da jikokinta ko kallon abin ba ta yi. Da ta gama ta miƙo mini gindin ƙwaryar: tsakuwa da rairayi cike da tafin hannu. Na tuna ni wanki ɗaya na yi wa tawa.

Ruwan toka kuma ga yadda ta yi. Ta samu tsohon kwano mai huji, ta shimfiɗa guntun buhu, ta cika da toka ta danna, ta ɗora a kan wani kwanon, ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana ɗiga. Abin da ke fitowa ruwan ƙasa ne, garai-garai. Ta shafa tsakanin yatsu ta ce in taɓa. Santsi kamar sabulu. Ta ɗan ɗora a harshe ta tofar, ta ce ya yi ƙarfi. Game da kanwa ta ce ana yi da ita in ba yadda za a yi, amma tana bar wa daddawa wani ɗaci a maƙoshi.

Mun ɗora bayan la'asar a babbar tukunya, da itace, ludayi biyu na ruwan toka a ciki. In ruwa ya ja sai a ƙara, amma mai zafi, daga wata tukunya da ke gefe. Ruwan sanyi, in ji ta, yana mayar da dahuwa baya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Tukunya ta kwana a wuta. Inna ta tura gungume biyu bayan isha'i, ta tashi sau biyu cikin dare, ni na tashi sau ɗaya ina jin kunya. Da asuba ta ɗebo ƙwaya ta sa tsakanin babban yatsa da manuni ta murza, ta narke kamar dafaffen wake. Ita ce alamar, ba agogo ba. Itacen da aka ci kuwa ba kaɗan ba ne, duk mai son yin wannan a gaz ta fara lissafi tukuna.

Ta tsane ruwan a kwando, tun yana tururi ta juye a tukunyar ƙasar da ta zo da ita, ta rufe da faifai, ta lulluɓe da buhu da tsohon bargo, ta ɗora dutse. Ta sa aka kai ta lungun ɗakin ajiya. Sannan ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba. Na ce ba zan buɗe ba, Inna.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Kwana biyu cif. Tun kafin a ɗaga bargon na sa hannu a jikin tukunyar na ji ta da ɗumi kamar mai zazzaɓi, alhali rabonta da wuta tun Laraba. Da aka ɗaga faifai wani wari ya doki hancina har hawaye, irin na turken awaki da safe. Na ja baya, na ce ita ma ta ɓaci. Inna ta yi dariya har da tafa hannu. Ta cusa muciya ta ɗago, sai ga zare-zare na yauƙi suna bin muciyar, ƴaƴan sun yi duhu sun manne da juna. Ba fari, ba kore, ba tsami. "Wanga shi a daddawa," in ji ta.

Babbar ɗiyata da ke lise ta tsaya daga nesa da mayafi a hanci tana yi mana karatu. Wai wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira Bacillus ke cin sinadarin gina jiki na cikin ƙwayar suna farfasa shi, daga nan ɗanɗanon ke fitowa, warin kuma amoniya ce. Wai zafi suke so, kusan na jikin mutum, shi ya sa tawa ta Fabrairu, da ba ta dahu ba, ga sanyi, ga buɗewa kullum, fumfuna ta riga su. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce to madalla, tunda kin san sunansu zo ki kama taɓarya.

Muka kirɓa a turmi, ana yayyafa ruwan toka da hannu, har ta zama kamar tuwo mai ƙaiƙayi. Aka mayar tukunya, aka rufe kamar da. Inna ta ce wasu ba sa sa toka sai a wannan gaɓar, wasu kuma suna turara ta a madambaci kafin shanya. Kowane gari da hannunsa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Jiya aka buɗe karo na biyu. Ta yi baƙi, warin ya kwanta ya fara komawa ƙamshin da na sani tun ina yarinya. Muka shafa man gyaɗa a hannu muka mulmula, muka ɗan danna kowace ta yi faɗi don ta bushe har ciki, guda 46. Suna raga yanzu, da murfinsu saboda ƙuda. Ranar Afrilu ba ta wasa, ma'aunin zafi yana haura 40 kullum. Duk gidan daddawa yake yi, har kayan lakwal na yara. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce mun ishe su. Ita da ke soya kifi busasshe kowace yamma. Daddawa ce ke gaya wa manda baƙi.

Inna ta koma yau. Ta bar mini tukunyar, ta ce kada in kuskura in wanke ta da sabulu.

Talata, 13 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa gabas, jiya iska ta taso da jar ƙasa har sai da aka kunna fitila da la'asar, amma ba a yi ruwa ba. Na sake baza komai a rana yini guda, na bar su suka huce a inuwa, sannan na rufe. Ba a rufe abu da zafin rana a jikinsa, gumi yake yi a cikin kwalba. Kauɗa ta cika bokitin roba biyu masu murfi da kwalba huɗu. Rabinta na daka ta zama gari, rabi na bari yadda take, in ga wadda za ta fi jurewa. Na rubuta kwanan wata a kan kowanne da alƙalamin yara.

Talata, 10 ga Yuni

Bayan babbar Sallah, nama ya samu, na buɗe kauɗa ta farko. Tafi biyu na jiƙa a ruwan zafi kamar minti 20, ta kumbura ta dawo ja, na haɗa da tattasai da attarugu na kai niƙa. Kauɗa ta fi ɗanyen tumatir tsami, kuma ba na son in kashe tsamin da kanwa don tana dusashe launi. Albasa na yanka da yawa, na soya ta a hankali har ta yi zaƙi ta narke, sannan na zuba niƙan na bar shi ya soyu sai da mai ya taso.

Batso ba a jefa ta kai tsaye kamar ta kalwa, tunda ɓawon gurguzu yana nan a ciki. Jiƙa ta ake yi a ruwan ɗumi, a murje da hannu, a tace, ruwan ake zubawa. Guda ɗaya ta ishi tukunyar gidanmu. Gabu cokali ɗaya a ƙarshe. Magi ɗaya.

Maigida ya ci ya ƙara bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne. Autana ya ce miyar tana warin Inna. Ya cinye dai.

Alhamis, 3 ga Yuli

Mako uku ke nan ban sayi gwangwani ba. A miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa na daina sa magi gaba ɗaya, batso da gabu da ɗan kifi sun wadatar, ba wanda ya lura. Inda abin ya ƙi shi ne dafa-duka da taliya. Nan yara sun saba da wani ɗanɗano, kuma gaskiya ni ma daddawa a taliya ba ta yi mini ba. Na bar musu ɗaya. Ba kowane yaƙi ake ci ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Asara. Kwalba ɗaya ta garin kauɗa ta dunƙule ta yi baƙi, da na shinshina sai warin rima. Ita ce wadda nake buɗewa kullum a madafa, kusa da tururi, wani lokacin da jiƙaƙƙen cokali. Laifina ne. Gari yana shan danshin damina fiye da wadda ba a daka ba, wannan na tabbatar yanzu, don ta bokiti tana nan ƙas-ƙas. Baɗi in Allah ya kai mu ba zan daka ba sai abin mako guda. Na zubar da kwalbar, na fitar da sauran rana da na samu sararin hadari tsakanin hantsi da azahar, ina zaune kusa ina duban sama.

Maigida ya je awo. Likita ya ce a ci gaba da magani a ci gaba da rage gishiri. Ban ce daddawata ta warkar da kowa ba, ita ma ba a cika ta a miya don an ce ta gida ce.

Asabar, 16 ga Agusta

Tumatir ya koma inda yake bara. Na wuce ta gaban mai kayan miya na sayi attarugu da ɗanyar kuɓewa kawai, ya ce Hajiya kwana biyu kin guje mu. Na ji daɗin wannan maganar fiye da yadda ya kamata.

Sai dai ban yi lissafin maƙwabta ba. Wadda ta ce mun ishe su da wari ita ta fara aiko yarinya da ƙaramin kwano, wai a sam mata daddawa ɗaya ta ɗanɗana. Daga ɗaya aka koma uku. Gwaggon yara ta zo ta tafi da kauɗa cike da leda. Ba a hana kayan miya, kuma ni ma na sha aikawa gidajensu. Abin da na koya shi ne in za a yi ajiya a unguwa irin tamu, a auna da gida uku.

Yakuwa ta yi ganye a bayan garka, inda na binne waccan ta Fabrairu. Ba na jin ita ce ta tsiro, tunda an dafa ta. Amma da na faɗa wa Inna a salula sai ta ce irin dahuwar da na yi mata, ko ta tsiro ba abin mamaki ba ne.

Litinin, 8 ga Satumba

Kauɗa ta ƙare ranar Alhamis. Ba ta kai ni kaka ba, saura kamar mako uku, jiya na sayi gwangwani biyu ƙanana. Da ba don akuya da kwalbar Yuli da Gwaggo ba da ta kai, amma duk ukun za su sake faruwa, don haka kwando shida zan yanka a Janairu maimakon huɗu, kuma sai an ƙara raga biyu. Gabu saura rabin kwalba. Daddawa saura 9.

Na ɗaure biyu a leda na ba direban da ke zuwa Tibiri ranar Laraba ya kai wa Inna, don ta ga yadda suka jure damina. Na kuma ce ta sa a ajiye mini gurguzu tiya biyar in an yanke yakuwa, da tokar karan gero buhu guda. Ta aiko cewa gurguzu za a samu, toka kuwa in zo da kaina in ƙona, ita ba ƴar aikena ba ce.